Gawon Kawu da Allon Masu Furoje

Sana'ata zanen allo ce. Rumfata tana bakin tashar Agiye, tsakanin mai faci da wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, shi ya sa duk rigar da na mallaka take warin fenti da man gyaɗa. Na zana kawunan samari a ƙofar masu aski, na zana keken ɗinki, na zana kaza a jikin shagon mai gashi har wani ya ce ta fi ta cikin shagon ƙiba, na rubuta addu'o'i a bayan motocin haya. Yawancin masu wucewa ta gaban aikina ba su yi lakol ba, wato makarantar boko. Hoto suke karantawa, kuma ba sa tsallake komai. In ka zana mutum ya ɗora hannu a kan rago, sai an tsaya an tambaye ka ko ragon nasa ne.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, a wani ƙauye arewa da Gazawa. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina, a gonarsa na koyi riƙon hauya kafin in gudu in kama buroshi. Har yau bai yarda zane sana'a ba ce. In na je gaishe shi sai ya dubi hannuwana ya ce, "Har yanzu kana nan kana wasa da shuni?"

Yakan ba mu labari cewa a samartakarsa gonakin garin fayau suke, ka tsaya a bakin gari ka hango mai tahowa tun daga nesa. Ba wai ƙasar ba ta toho ba ce, tana yi. Mutane ne suke kashe tohon da gangan, domin a wancan zamani itacen da ya girma ba na mai gona ba ne, na masu kaki ne, ma'aikatan gandun daji na gwamnati. Ka sari reshe a gonar ubanka, a kama ka a ci ka tara. To wa zai reni abin da zai ja masa wulaƙanci? Sai kowa ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ido ya kai kansa. Iska ta samu fili, tana kwashe ƙasa tana binne shuka, a yi ta maimaita iri.

Daga baya aka sassauta, aka ce wanda ya reni itace a gonarsa nasa ne. Kawu yana cikin waɗanda suka fara yarda, aka yi ta yi masa dariya wai gonar raggo ce, ya kasa sassabe. Shi bai taɓa dasa itace ba, ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne, in bazara ta yi, lokacin share gona, sai ya ɗauki adda ya bi kututture ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna ya daɗe yana duban tohon da ya fito, ya zaɓi wanda ya fi miƙewa, ya sare sauran, ya rage masa rassan ƙasa, sannan ya ɗaura masa ɗan tsumma don mata masu neman icen girki da makiyaya su san yana da mai shi. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta sha yin faɗa a kan tsofaffin zannuwanta da ke ɓacewa. Haka gawo ya cika gonar, da kalgo da aduwa nan da can. Da damina gawo ya zubar da ganye, gero ya yi tsawo a ƙarƙashinsa. Da rani ya yi kore shar, awaki su ci ƴaƴansa, Fulanin da ke sauka a gonar bayan girbi su roƙi reshe su bar masa taki. Manyan sun riga sun tsaya da ƙafarsu. Ƙananan da ba su wuce ƙugu ko ƙirji ba, su ne hankalinsa ke kansu, domin kowace bazara sai ya yanke musu hukunci, a bari ko a sare.

Bayan wani girbi sai ga masu furoje, ƙungiyoyin nan masu kawo ayyukan taimako. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Mun ga furoje iri-iri, kowane da farar motarsa da allonsa, akwai ma mahaɗar hanyar da alluna suka fi gidaje yawa. Da yawansu ni na rubuta, kuma babu wanda ba a sa ni na rubuta "ci gaba mai ɗorewa" a jikinsa ba, har hannuna ya iya shi ko ina hira. In ka koma bayan ƴan shekaru sai ka tarar an ɗaure akuya a ƙafar allon, mata suna shanya a kansa. Ban taɓa damuwa ba, ƙaryar da ba ta cizo ce.

Wannan furojen na itace ne. Wanda aka ɗora a kan yankinmu abokina ne, benci ɗaya muka zauna a lakol, shi ya ci gaba har ya samu buro, wato ofis, da fanka, ni na tsaya a fenti. Ya zo rumfata da nannaɗaɗɗen ƙyallen roba, irin wanda ake bugawa da inji a birni. Yana so in haɗa shi da mai walda a yi masa ƙafafu, in kuma rubuta layi ɗaya na Hausa a ƙasa.

Muka warware shi a ƙasa, muka danne kusurwoyin da tayoyin mai faci. Ban taɓa ganin ƙasa irin ta cikin hoton nan ba. Kore har gefen sama, ba rairayi ko ɗigo. Itatuwa a jere, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, kamar ƴan lakol a layin safe, kowanne da farar lamba a wuyansa. Ban gane ko wane irin itace ba ne, kuma na tabbata wanda ya zana shi ma bai sani ba. Can ƙasa, ƴan mitsi-mitsi, manoma ne suna washe baki, kowa da butar ban ruwa, a ƙasar da mace ke jan guga har tafinta ya yi kanta kafin ta cika jarka. Daga sama kuma wani mutum ne cikin kaki, ba a nuna fuskarsa ba, ƙirji da hannu kawai, ya shimfiɗa tafinsa a kan itatuwan duka. Kusa da kafaɗarsa ga tauraron ɗan Adam yana sakin haske a kan kowace lamba. Rubutun Faransancin yana cewa kowane itace ana ganinsa, kowane itace ana ƙirga shi, saboda gobe.

Na ce, "Kai, ka dubi abin nan da kyau kuwa? Ka san yadda za a karanta shi a ƙauye?"

Na zaci zai musa. Da ya musa, da na ji sauƙi. Ɗan ƙauye ne kamar ni, ubansa ma an taɓa kama shi a kan reshen gawo. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Na sani mana. Cewa za su yi an dawo karɓe icce. Amma daga sama aka aiko shi, an riga an gama magana. Masu taimakon lamba suke son gani, manyanmu hannun suke son gani. Ni abin da ake jira gare ni hoton allon a tsaye, da mutane gabanshi."

"To mutanen fa?"

"Mai fenti, kai dai rubuta."

Ban rubuta ba. Ko a jikinsa. Ya nannaɗe kayansa ya tafi, wani ya rubuta masa a Maradi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya ce "na sani mana", cikin sanyin murya, kamar wanda aka tambaya ko ya karya kumallo.

Ranar kasuwar Gazawa na tarar da allon a tsaye a bakin hanya, kusa da inda ake ɗaure jakunan amalanke. Mutane sun taru, na tsaya a baya ina saurare. Babu wanda ya kula da koren, kowa ya san irin ƙaryar hoto ce. Hannun suke kallo. Wani tsoho ya nuna da sanda ya ce wannan hannun ya san shi. Wata mata ta tambaya ko lambar ta haraji ce. Wani ya ce a'a, ta kamu ce, in ka taɓa iccen abin nan na sama ya gan ka. Kawu yana cikinsu, ya kawo bunsuru kasuwa. Muka koma gefe muka zauna a gindin bedi, wato darbejiya.

"Kai da ka yi lakol," ya ce, "wane ne wanga mai hannu?"

Na ce ba kowa ba ne, zane ne kawai, wai kariya yake nufi.

"Kariya daga wa? Daga ni?" Ya murza igiyar bunsurun. "Su ƙananan ma za su sa masu lamba?"

Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya ce bari dai bazara ta zo, ya ga abin da zai yi da su. Na san Kawu. In ya ce zai ga abin da zai yi, to ya riga ya fara wasa adda a zuciyarsa.

Na koma Agiye ina tafasa. Ni ba mai magana a rediyo ba ne, ba ni da kowa a sama, fenti kawai gare ni. Sai na ce to, tunda hoto ne ya yi ɓarna, bari hoto ya ba shi amsa. Na ɗaure gwangwanaye a bayan babur na nufi ƙauye. Garun zauren Kawu yana fuskantar hanyar da kowa ke bi zuwa rijiya da kasuwa. Na roƙe shi ya ba ni shi.

"Kada ka jawo mani ido, ɗan nan," ya ce.

Inna ce ta shiga tsakani. Ta ce garun dama yana neman yaɓe tun bara ana cewa gobe, a bar shi ya yi, ko ba komai a samu sabon shafe. Kawu ya yi tsaki ya shige gida, wannan a wurinsa shi ne izini.

Na yaɓe garun, na shafe shi da farar ƙasa, na fara. Na zana Kawu a tsugune, babba, ya cika rabin garun, da adda a hannu da tsumma a baki, yadda na saba ganinsa. Na zana fason dugadugansa da jijiyoyin hannunsa, da ɗan yatsan da ya karye tun yana saurayi bai ƙara miƙewa ba. Hannunsa na hagu yana riƙe da ɗan gawo. A bayansa manyan gawo tsirara, ba ganye, gero ya kai kafaɗa a ƙarƙashinsu. Na haɗa bazara da damina a garu ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi a kan wannan. Ƙorafin da aka yi a kan geron ne: wata tsohuwa ta tsaya a bayana da ƙwarya a ka ta ce wannan ganyen na dawa ne, ko a birni haka gero yake? Ta ƙi tafiya sai da na gyara. Sama kuwa ban sa mata komai ba, na bar ta fili. Can a kusurwa, ƙanƙanuwa kamar tafin hannu, na zana farar mota ta kafe a rairayi, masu kaki da masu kwat suna tura ta, lambobinsu sun zube a ƙasa jaki yana shinshinawa.

An sha dariya a garin nan. Mata masu dawowa daga rijiya sai su sauke jarka don su yi dariyar da kyau. Mutanen ƙauyukan kusa suka riƙa ratsowa. Wani Bafulatani, aminin Kawu da ke sauka a gonarsa kowace shekara, ya daɗe yana kallo ya dogara da sandarsa, sannan ya ce, "Wannan icce na mai riƙe da shi ne." Ban taɓa samun yabon da ya kai mini wannan ba. Kawu kuwa ya ƙi kallon garun in da mutane, amma Inna ta raɗa mini cewa in ya dawo daga masallaci da safe yakan ɗan tsaya. Ranar da zan koma ya ce, "Hancin bai yi ba." Sannan ya juya ya ce wa Inna ta ajiye masa tsohon zanen ɗaurawarta mai ruwan bula, kada ta ba kowa, tsumman ɗaure wa toho zai yaga. Na hau babur ina jin kamar na ka da ƙato a kokawa.

Na san labari zai kai. Na shirya wa kiran jandarma, har na gaya wa mai faci wanda zai sanar in an zo an tafi da ni. Ina ma hakan aka yi.

Abokina ne ya kira ni a wayar salula, muryarsa fes, wai barka. Wai baƙi sun zo daga nesa, an kai su ƙauyen, sun ga garun sun rikice, sun ce wannan ita ce muryar talakawa da suke ta nema. Inna ta ba ni sauran labarin daga baya. Motoci suka cika ƙofar gida. Aka fito da Kawu daga inda yake tufkar igiya, aka tsayar da shi a gaban garun, aka cire masa hularsa aka kifa masa ta furoje mai baki. Aka danƙa masa wani dashe a baƙar leda, aka ce ya ɗaga shi sama ya yi murmushi. Mutumin da bai taɓa dasa itace ba! Mai ɗaukar hoton ya tsayar da wani mai babbar riga daidai kusurwar da motar take, don kada ta fito. Bayan tafiyarsu akuya ta cinye dashen kafin la'asar.

"Ka ga ka yi suna," in ji abokina. Na kashe salular na jefa ta cikin kwalin buroshi.

Ba a daɗe ba sabon allo ya fito. Aka kafa shi a Agiye da Gazawa, an ce har Gidan Rumji, mafi girman kuma aka kafa shi a bakin gonar Kawu. Zanena ne, amma an wanke shi a inji. An goge fason, an miƙar da yatsan, an cire tsumman daga bakinsa an jera masa fararen haƙora reras, shi da sai an gurza masa goro. An sa wa gawon ganye kore shar a kan gero mai kai, abin da ko ɗan yaye a ƙauye ya san ba a yi. Motar da jakin babu su. Saman da na bari fili an cike ta da hannun nan, wannan karon har da Kawu a ƙarƙashin tafinsa. Kowane gawo da lambarsa. Ɗan ƙaramin da ke hannun Kawu ma an rataya masa tasa.

Na tsaya a gaban na Agiye, a bakin tashar da nake neman abincina. Masu kabu-kabu suna ta yi mini barka, wai aikina ya shiga inji. Mai ƙosai ce kaɗai ba ta taya su ba. Ta leƙo ta duba ta ce, "Wanga tsoho mi ya yi masu suka kama shi?" Na sha ganin an ɓata mini aiki, ruwa ya wanke, yara su kankare da ƙusa, mai shago ya liƙa kalanda a kai. Amma ban taɓa jin ƙyamar abin da ya fito daga hannuna ba sai ranar. Da sun watsa wa garun baƙin mai, da sun mutunta ni.

Na je buron abokina. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Na ce a sauke allon. Ya ce ai girmamawa ce, Kawu ya zama abin koyi. Na ce gawo ba ya ganye da damina. Ya yi dariya ya ce, "Waɗanda za su gani ba su san gawo ba." Na ce waɗanda ke wucewa ta gabansa kullum sun san shi. Ya ce, "Su ai ba su ake yi ma ba." Fankar tana ta juyawa a kanmu. Ban sha ruwan ba.

Sai lambobin gaske suka zo. Samari da riguna masu walƙiya suka bi gonaki da guduma, suna buga ƴan farantan ƙarfe a jikin manyan itatuwa. Wani ƙaramin jirgi mara matuƙi ya yi ta ƙugi a kan garin, awaki suna watsewa. Mai shela ya zaga ya ce daga yau itacen da ke da lamba ba a taɓa shi, ko da reshe ne, sai da izini daga Gazawa, wai iskar da yake shaƙa an riga an yi alkawarinta ga wasu mutane a ƙasashen waje. Ba wanda ya gane wannan, ni da na yi lakol ma ban gane ba. An ce akwai abin da za a raba in an gama ƙirge, har yau ana jira. Ƙananan kuma aka ce ba su kai a buga musu ba, sai sun ƙara kauri za a dawo.

Rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare. Saniyar Bafulatanin nan ta haihu ba nono, ya zo wurin Kawu kamar yadda ya saba. Kawu bai ga dalilin da zai sa ya hau mota zuwa Gazawa neman izinin reshen da ya rena da hannunsa ba. Ya ɗauki gatari ya sauke reshe ɗaya mai ganye. Wani daga cikin samarin da furoje ya ɗauka gadi, ɗan garin ne, Kawu ya ci naman sunansa, ya zo ya karɓe gatarin. Ya ce ba son ransa ba ne, in bai faɗa ba abin nan na sama zai nuna, a kore shi. Aka zaunar da Kawu a bakin hanya ana jiran mota. Inuwar da ke wurin ita ce ta allon. Nan ya yini a tsugune ƙarƙashin fuskarsa mai sababbin haƙora, masu zuwa kasuwa suna wucewa suna sunkuyar da kai. Motar ba ta zo ba. Da yamma aka ce ya tafi gida, an yafe masa saboda shi abin koyi ne. Gatarin ma aka mayar masa, tare da gargaɗi.

Ban ji labarin ba sai bayan kwanaki. Da na kira abokina ya ce abin bai yi daɗi ba, amma su ba fuska suke duba ba, doka ce. Na ce fuskar kuwa ga ta can kun kafa, ta fi ƙofar zaure girma. Na zage shi, zagin da ban yi masa ba tun muna lakol. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in gaida Kawu.

Bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Inna ta aiko a ce in zo, ba ta faɗi dalili ba. Na isa da hantsi. Tun daga nesa na hango hayaƙi, ba a gonar Kawu kaɗai ba, nan da can har iyakar gani. Hayaƙin sassabe ba baƙo ba ne a wannan lokaci, amma wannan ƙanana ne masu yawa, kowanne a wurinsa.

Garun zauren an shafe shi da laka. Inna tana tsaye a ƙofa ta ce shi ya yi da hannunsa, washegarin ranar da aka zaunar da shi. "Na yi magana har na gaji," ta ce. "Tahi kai, ko ya ji taka."

Na same shi a tsakiyar gona ba riga, zufa tana bin ƙasusuwan bayansa. Ba ya tsugunawa, ba ya zaɓe. In ya iso kututture sai ya share tohon duka, ya tara ƙaya da kara a kai, ya cinna wuta don kada ya sake fitowa. Waɗanda ya rena bara da bara waccan suna kwance a bayansa, ganyensu bai ko yi yaushi ba.

"Kawu, don Allah."

Bai juyo ba. "Manyan iccen sun gan su, sun sa masu lamba, su tahi da su. Waɗanga ba su kai ba tukuna."

Na ce abin nan ba zai daɗe ba, furoje nawa muka gani sun zo sun wuce, allonsu ya yi tsatsa. Ya ce, "Su suna wucewa. Abin da suka hana ba ya wucewa. Na gani da idona, kai ba a haihe ka ba." Na ce iska za ta dawo ta kwashe ƙasar, ta binne shuka kamar da. Ya ce ya sani, ya fi ni sani. Ya share zufa da bayan hannu.

"Iska ba ta taɓa zaunar da ni bakin hanya ba."

Muna cikin haka farar mota ta taho ta hanyar Gazawa. Ta rage gudu daidai allon, gilashi ya sauka, wani hannu ya fito da salula. Daga hanya abin da ake gani manyan gawo ne kore shar, kowanne lambarsa tana ƙyalli, da hayaƙin manoma masu himma suna shirin damina. Hoton zai yi kyau, na san abin da ke yin kyau a hoto. Na tofar da yawu. Gilashi ya hau, suka wuce.

Kawu ya iso wani ɗan gawo da ya kai ƙirjina, miƙaƙƙe sambal, irin wanda da can zai kira ni in zo in gani. Ya ɗaga adda, saran ya goce. Ya tsaya yana haki, ya dafa gwiwa. A gidan da na tashi ba a tsayawa ana kallon babba yana aiki. Ko me yake yi, ka yarda ko ba ka yarda ba, karɓa ake yi. Bai roƙe ni ba, bai ko dube ni ba. Na miƙa hannu biyu na ce, "Kawo, Kawu." Ya sakar mini addar, ya je ya zauna a inuwar wani mai lamba.

Ƙotar tana da ɗumin hannunsa. Ƙayar ɗan gawon ta kama mini hannun riga. Na sare shi daga gindi, na ja shi gefe, na tara kara a kan kututturen. Kawu ya jefo mini ashana daga inda yake zaune, ya nuna mini na gaba da haɓarsa.